Kibod ko maus: me mai fara haɗa kiɗa a gida yake buƙata?

Nazifi: Assalamu alaikum jama'a. A yi mini afuwa in an taɓa yin wannan tambayar a nan. Ina so in fara haɗa kiɗa a ɗaki, ba don sana'a ba, don dai karin da ke yawo a kaina ya samu wurin sauka. Abin da ke hannuna: laftof mai RAM 8, wata tsohuwar fiyano ta Yamaha da yayana ya bar mini, sai hedifon na waya. Wani ya ce sai na sayi saun kad (akwatin shigar da sauti kwamfuta da fitar da shi) da makirufo da sifikun sitidiyo tukuna, wani kuma ya ce manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio kaɗai ta wadatar. Maganar wa zan kama?

Bash: Wa'alaikumus salam. Kama ta na biyun. Shiga shafin Image-Line, kamfanin da ya yi ta, ka sauke ta gwaji, komai na ciki yana aiki. Tarkon guda ɗaya ne: za ta bari ka adana aikinka, har ka fitar da shi WAV ko MP3, amma ba za ta sake buɗe maka fayil ɗin ba sai ka saya. In ka saya kuwa shi ke nan, duk sabuwar da ta fito kyauta ce gare ka har abada. Fiyanon ma ajiye ta gefe, da maus za ka zana komai a fiyano rol, allon da ake jera notocin kiɗa a cikin manhajar.

Malam Sabo: Bashir, kar ka sa yaro ya jingine abu mafi daraja da yake da shi. Nazifi, juya fiyanon nan ka duba bayanta. Akwai rami mai kusurwa huɗu da aka rubuta USB TO HOST? Ko kuwa ramuka ne zagayayyu masu haƙora biyar, an rubuta MIDI IN da MIDI OUT?

Nazifi: Ranka ya daɗe ba na gida, da yamma zan duba. Amma sautin cikinta ya tsufa, kamar na abin wasan yara.

Malam Sabo: Ba sautinta muke nema ba, yatsunka muke so su isa kwamfuta. Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Saƙo take kaiwa: an danna madanni kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Kowane madanni da lambarsa daga 0 zuwa 127, C ta tsakiya ita ce 60. Ƙarfin bugun ma a wannan ma'aunin ake auna shi. Hanyoyi 16 ne a waya ɗaya, wato kayan kiɗa 16 za su iya karɓar umarni daban-daban. Manhajar da ke kwamfuta ce za ta yanke ko wannan danni ya fito a sautin goge, ko sarewa, ko ganga.

Tun 1983 ake kan wannan tsari. Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan ne a kan gaba wajen kafa shi, kuma a watan Janairun shekarar aka haɗa Prophet-600 da Jupiter-6 a bainar jama'a, suka fahimci juna. Kibod ɗin da aka ƙera a wancan zamani, in kana da wayar da ta dace, yau ma zai kaɗa maka sabuwar manhaja. Ku nuna mini wani abu a harkar kwamfuta da ya yi wannan tsawon rai.

Bash: Malam, tarihi ya yi daɗi, amma Nazifi bai ce ya iya kaɗa fiyano ba. In sai ya koya kafin ya fara, shekara za ta zagayo bai haɗa komai ba. Da maus, yau da daddare zai ji abin da ya yi da kunnensa. Kuma FL ɗin nan da ake rainawa, tun tana FruityLoops a ƙarshen shekarun 1990 injin jera ganguna ce kawai, don mutum irinsa aka yi ta, wanda ba ya karanta rubutun kiɗa.

Malam Sabo: Ban raina ta ba. Abin da nake faɗa shi ne, kiɗan maus yana da kama, ana gane shi daga nesa. Duk notar da ka zana tana faɗawa daidai kan layi, ƙarfinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Hannun ɗan Adam ba ya haka. Yakan riga bugu da ƙiris, yakan makara da ƙiris, babban yatsa ya fi ɗan ƙaramin nauyi. A wannan ƙiris ɗin daɗin yake. Me ya sa Roger Linn ya sa wa injinansa na ganga abin karkatar da bugu, har Akai MPC60 ta 1988 ta yi suna a kai? Saboda ya san bugun da ya cika daidai yana gundurar kunne.

Bash: To ai ka kawo mini hujja da kanka. Inji ne ya karkatar, ba hannu ba. Nima ina da wannan maɓallin, kuma ina iya bin kowace nota in rage mata ƙarfi.

Malam Sabo: Kana iyawa. Sai ka share rabin awa kana gyara abin da yatsa uku za su ba ka a sakan goma.

Bash: In yatsun sun iya ba.

Anti Ladi: Ku biyun nan kullum sai kun yi. Ni dai ga tambayar da ba wanda ya yi wa yaron: Nazifi, wane irin kiɗa? Don in waƙa ce da murya da amshi, amsa daban. In bit ne na rawa, daban. In kuma irin na fim ne mai goge da ƙahonni, nan ma daban.

Nazifi: Anti, gaskiya irin na fim nake so, mai taushi, wanda ake sakawa a ƙarƙashin magana. Waƙa sai can gaba. Fiyano kuma ina ɗan taɓawa da hannun dama, na hagu ne ya ƙi.

Anti Ladi: Madalla, to ka cire makirufo daga lissafi yanzu. Saun kad ma zai iya jira. Hannun dama ya isa: ka ɗauki karin da shi, ka koma ka ɗauki bas da shi a wani layin, ka sake komawa ka sa goge. Ba wanda zai san ba lokaci ɗaya ka kaɗa ba.

Ni ta wata hanya nake bi, ban ce lallai ka bi ta ba. A MuseScore nake rubutawa, nota bayan nota a kan layuka biyar, kyauta ce, kuma tun da ta 4 ta fito a ƙarshen 2022 sautin gogenta ya zama abin saurara. Amfanin rubutu shi ne ina ganin muryoyi huɗu a ido ɗaya, in ga inda biyu suka yi karo tun kafin in ji. Illarsa, wanda bai iya karatun ba zai sha wuya a farko, kuma ba ta dace da kiɗan da ake gina shi da sarrafa sauti ba.

Amma duk manhajar da ka zaɓa, ga abin da zan roƙe ka. In ka gama aiki, fitar da shi ta hanyar da ba ta dogara da manhajar ba: MIDI ɗaya, sannan kowane layi WAV ɗinsa daban. Masu rubutu su ƙara da MusicXML, fayil ɗin rubutun kiɗa da manhajoji daban-daban ke buɗewa. Finale ta yi sama da shekara talatin ana rubuta kiɗa da ita, a watan Agustan 2024 kamfaninta ya ce ya daina sayarwa, ya tura mutane wata manhajar, Dorico. Waɗanda suka tara aikin rayuwarsu a fayilolinta kaɗai sai suka shiga aikin kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ibro: Wannan magana ta Anti a rubuta ta a bango. Ba manhaja kaɗai ba, filogin ma haka, wato ƙananan manhajojin sauti da ake ɗorawa a cikin babbar. Ka yi aiki da wani tsohon filogin mai 32-bit, ka canza kwamfuta, ka buɗe aikin ka tarar da layin shiru.

Sani K.: Nazifi ka biyo ni ta akwati, ina da FL cikakkiya da filogin ɗin Kontakt da Nexus, duk an buɗe su.

Ibro: A'a Sani, ba a nan ba. An hana raba kirak, wato manhajar sata, a zauren nan, kuma ba don tsoron kamfani kaɗai ba. Duk wanda ya ce ka kashe antibayiros kafin ka saka abu, ka ba shi mabuɗin kwamfutarka ne, har da abin da kake shiga banki da shi. Ga shi kuma in ta rufe kanta tsakiyar aiki ba ka da wanda za ka tambaya.

Kuma ma meye na wahala? Reaper, ita ma manhajar haɗa kiɗa ce, tana ba ka kwana 60 cikakkiya ba a rage komai ba, ga ta ƙarama, tana gudu a tsohuwar laftof kamar ba komai. Justin Frankel ne ya yi ta, mutumin da ya yi Winamp. LMMS kyauta ce, fasalinta kusan na FL, sai dai ba ta da daɗin ɗaukar murya. Mai Mac yana da GarageBand a zaune. Wajen sauti kuwa: Vital da Surge XT don sautin lantarki, Dexed da ke kwaikwayon Yamaha DX7, sai LABS na Spitfire don fiyano mai taushi da goge. Irin kiɗan da Nazifi ya ambata, LABS kaɗai za ta riƙe shi wata da watanni.

Sani K.: Duk waɗannan ba su kai Kontakt ba, kai ma ka sani.

Ibro: Na sani. Amma manyan ɗakunan sauti na Kontakt a RAM suke zama. Laftof mai RAM 8, Windows ta ci nata, burauza ta ci nata, ka loda goge da ƙahonni da ganguna na gaske, sai ta fara shaƙewa. Ko an ba shi halal ba zai more ba.

Malam Sabo: Ƙari a kan haka, yawan kaya yana hana aiki. Na san masu filogin ɗari uku da ba su taɓa kai kiɗa ɗaya ƙarshe ba. Sai a zauna da niyyar haɗa kari, a ɓuge da sauraren sautukan fiyano ɗaya bayan ɗaya har barci ya zo. Lokacin da Cubase ta fito a 1989 a kan Atari ST, MIDI kawai take jerawa, sauti yana cikin kibod ɗinka, abin da ke ciki shi ke nan. Sai a 1996 Steinberg, kamfanin Cubase, ta kawo tsarin filogin na VST, daga baya kayan kiɗan kansu suka koma cikin kwamfuta. Alheri ne babba, ban musa ba. Amma da can ba ka da abin zaɓe, sai ka yi kiɗan.

Ummi: Salamu alaikum, ku ba ni dama in shigo da tawa tunda ana kan maganar. Ni waƙa nake yi. Matsalata, in na rera kari da baki yana da daɗi, in na zo neman sa a kibod sai in rasa wasu wuraren. Wannan madannin ya yi ƙasa, na kusa da shi ya yi sama. In na sa Auto-Tune, manhajar daidaita murya, kuma sai ta ja muryar ta kai inda ban nufa ba, duk lanƙwasar ta mutu. Kunnena ne ba daidai ba?

Anti Ladi: Ƙanwata, ƙila kunnenki lafiya lau. Kibod ya raba tsakanin C da C ta sama gida 12 daidai wa daida, kowane gida an ƙara raba shi 100 a lissafi. Wannan yarjejeniya ce da aka yi don a iya kaɗa kowane maki a fiyano ɗaya, ba dokar halitta ba ce. Kiɗan Larabawa da na Turkawa da na Indiya cike suke da sautukan da ke faɗawa tsakanin madannai biyu. Murya kuwa ba ta tsalle daga gida zuwa gida, zamewa take yi. Fiyano rol ba shi da layin da za a zana wannan, shi ya sa mai koyo yakan ɗauka shi ne ya yi kuskure, ya miƙe karin don ya dace da allon. A nan ne nake ganin kayan aiki yake sauya wa mutum waƙa bai sani ba.

Ibro: Kuma akwai mafita. Auto-Tune tana da saitin saurin gyara. In kin kai shi sifili, take take fizgar murya, wannan sautin ƙarfen da kowa ya sani. Ki sassauta shi sosai, ki cire notocin da ba kya amfani da su, ko ki kashe ta gaba ɗaya a wuraren lanƙwasa. Andy Hildebrand da ya ƙirƙiro ta a 1997 don gyaran da ba za a ji ba ya yi ta, mawaƙa ne suka mayar da ita ado. In da hali, Melodyne ta fi dacewa da ke, don nota ɗaya za ki kama ki gyara ki bar sauran yadda suke.

Ɓangaren kibod kuma, Surge XT da Vital duk suna karɓar fayil ɗin Scala, wanda ke sake wa madannai jeri. Ko ki yi amfani da ƴar wilin nan ta gefen hagu mai lanƙwasa sauti.

Malam Sabo: Wadda maus ba ta da ita. Bashir, kana ji?

Bash: Ina zana ta da layi, Malam, kuma tawa ba ta rawa.

Ummi: Na gode ƙwarai. To makirufo fa? An ce mini kondensa ce ta sitidiyo.

Ibro: Haka ne, amma kondensa tana jin komai: fanka, mota a waje, amsa-kuwwar bango. Tana kuma buƙatar wutar 48V daga saun kad. A ɗakin da ba a gyara ba, dainamik irin SM58 ta fi rufa asiri, don sai kin matso take ji sosai. Ke dai saun kad ya zama dole, irin su Scarlett mai rami ɗaya ko biyu. Ki ɗauka a 24-bit, kar ki cika ƙarfi har ja ya kama. Gara ya yi ƙasa ki ɗaga daga baya, wanda ya fashe ba ya gyaruwa.

Sani K.: Ta manna kwalin ƙwai a bango, magana ta ƙare.

Ibro: Kwalin ƙwai ba ya hana komai sai kyan ɗaki. Soso mai siriri ma sautin sama kawai yake sha. Matsalar ƙaramin ɗaki a bas take. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan. Ɗaki mai tsawon mita 3.5, raba 343 da ninkin tsawon, wato 7, za ka samu 49. To a 49 Hz, wato girgizar sauti 49 a sakan, da ninke-ninkensa ɗakin da kansa yake kumbura sauti a wani wuri, ya haɗiye shi a wani. Ka kunna bas ka zaga ɗakin, a lungu zai cika maka kunne, a tsakiya ya ɓace. Wanda ya sayi sifiku masu tsada ya ajiye a irin wannan ɗaki, ɗakin yake ji ba sifikun ba. Shi ya sa nake ce wa masu farawa su sa kuɗin a hedifon mai kyau mai waya, sannan su gwada aikin a waya da mota da duk abin da suka samu.

Bash: Ka ce mai waya da ƙarfi. Bulutut yana makara, ba a kaɗa kibod da shi.

Nazifi: Jama'a na dawo. USB TO HOST ne a bayanta. Na cire wayar firinta na haɗa, ta shiga daidai, Reaper ta ga fiyanon. Na sa LABS, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Amma abu biyu: in na danna sai sautin ya ɗan makara, har yana rikita ni. Sannan ina jin sauti biyu, tsohon da sabon.

Ibro: Na farkon shi ne jinkirin da kowa yake karo da shi. Kwamfuta ba ta fitar da sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take a ɗan ma'aji da ake kira bafa, in ya cika ta tura. A ɗigon sauti 44,100 cikin sakan, bafa 1024 jinkirin milisakan 23 ne, 512 kusan 12, 128 kuwa bai kai 3 ba. Direban Windows na yau da kullum yana ƙara nasa a kai, shi ya sa kake ji sosai. Shiga saitin sauti na Reaper ka zaɓi WASAPI, ko ka saka ASIO4ALL ka zaɓi ASIO, direbobin sauti ne masu rage jinkiri. Fara da bafa 256. In ka ji ƙaf-ƙaf kamar ana taka busasshen ganye, laftof ta gaza, koma 512. In lafiya, gwada 128. Ka jona caja, ka sa wutar laftof a kan cikakken ƙarfi, don a batir takan rage gudu. Lokacin kaɗawa kawai kake buƙatar ƙaramin bafa, in ka zo miksin, wato daidaita sautukan da juna, ɗaga shi yadda kake so.

In duk ka yi wannan bai yi ba, to a lokacin ne maganar saun kad ta taso, don yana zuwa da direban ASIO nasa.

Malam Sabo: Na biyun kuma mai sauƙi ne. Fiyanon tana kaɗa nata sautin tana kuma aika saƙo. Shiga Function ka nemo Local ka mayar da shi Off. In ka rasa, murɗe ƙarar fiyanon zuwa ƙasa, saƙon MIDI ba ruwansa da wannan maɓallin. Ka duba Touch ma a kunne yake, in ba haka ba duk bugunka da ƙarfi ɗaya zai isa, ka koma gidan su Bashir. Wayar kuma kar ta wuce mita 3, haka Yamaha suke rubutawa a littafinsu.

Bash: Malam ba zai bar ni in sha ruwa ba. To mu yi ta ta ƙare. Nazifi ya turo karin da ya kaɗa, MIDI kawai, sakan talatin. Ni zan zana shi da maus daga farko, Malam ya kaɗa da hannu, sauti ɗaya za mu yi amfani da shi. Anti Ladi ta saka su ba suna, jama'a su faɗi wanne ne wanne.

Malam Sabo: Na yarda, da sharaɗin ba za ka ɗora nawa a allo ka kwafi ƙarfin bugun ba.

Anti Ladi: Ni za ku turo wa kai tsaye, ba wanda zai ga na wani. WAV nake so, kuma zan daidaita ƙararsu da kaina, don kunne yakan zaɓi wanda ya fi ƙara ko da bai fi kyau ba. Nazifi, wane sauti ka sa a LABS?

Nazifi: Soft Piano, Anti. Na sa 256, jinkirin ya tafi. Local ɗin ne ban gani ba tukuna, na dai rage ƙarar. Akwai wani rami kuma a baya an rubuta SUSTAIN, na mene ne?

Malam Sabo: Na feda ne, abin takawa da ke riƙe sauti bayan ka ɗaga yatsa. Irin kiɗan da kake so ba ya yiwuwa sai da shi, shi za ka fara saya kafin komai. In ka samo, jona shi kafin ka kunna fiyanon kuma kar ka taka lokacin kunnawa, in ba haka ba zai yi aiki a juye. Turo karin kafin Juma'a.